Na Ce Ta Ci, Sai Na Ƙara da Gyaɗa

Gwaggo mai shawara, don Allah ki taimake ni. Bakina ƙaiƙayi yake yi, kuma in ban sami inda zan sauke abin da ke cikina ba, ina jin fashewa zan yi a kan keken ɗinki. Murna ce ta yi mini yawa, ita ce kuma take neman raba ni da yayata. Ki yi haƙuri da rubutun, ina yi ne ina dariya ni kaɗai.

Ni tela ce. Ina da ɗan shago mai keke uku a bakin titi, ni da mata biyu da muke aiki tare. A saman kabad ɗin zare akwai wata tsohuwar talabijin da sai an ɗan mare ta a gefe take kawo hoto. Tun da aka fara gasar kacici-kacicin nan ta 'yan sakandare, duk Juma'a da ƙarfe biyar na yamma shagona yake komawa gidan kallo, har kan teburin yanka ake zama. Dalili kuwa, ɗiyar Yaya tana cikin gasar. Shekarunta sha shida, masu kallo suna ce mata 'Yar Shiru, don ba ta tsalle, ba ta washe baki. Ta danna ƙararrawa, ta faɗi amsa, ta sunkuyar da kai. A haka ta kai wasan ƙarshe, ita da wani yaro da ake kira Tabarau da wata yarinya mai saurin hannu da ake kira Walƙiya.

Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, ba kai tsaye ake nuna shirin ba. Mako uku ke nan da ɗaukar wasan ƙarshe, aka raba shi biyu, rabi a wannan Juma'ar da ta wuce, rabi a mai zuwa. Yaya ma'aikaciyar jinya ce, ba ta sami hutu ba, sai ni na raka yarinyar. Kafin mu shiga aka ba mu wata takarda muka sa hannu, ni da ita, cewa in sakamako ya fita ta bakinmu kafin a nuna, za a janye kyautar a ba na biyu. Kyautar kuwa ɗaukar nauyin karatun jami'a ce tun daga farko har ƙarshe.

Gwaggo, ta ci. Kin ga na rubuta, har na ji sanyi a ƙirjina. Ta ci! Tambayar ƙarshe ita ce yadi ɗaya santimita nawa ne. Tabarau yana ta lissafi da yatsa a iska, yarinyata ta danna ta ce casa'in da ɗaya da ɗigo huɗu huɗu, ko ƙifta ido ba ta yi ba. Ina za ta rasa wannan? A shagona ta girma. Tun tana 'yar mitsitsiya in ta taso daga makaranta tef ɗin awona ne abin wasanta, ta auna tebur, ta auna ƙofa, ta auna kyanwar maƙwabta. Ni kuwa ina zaune cikin 'yan kallo na cusa gefen gyalena a baki, hawaye na zuba. A mota muna dawowa ta kama hannuna ta ce, "Anti, ko Mama kada ki faɗa wa. Ina so ta gani da idonta." Na yi mata alkawari. Kuma tsakani da Allah, ina son Yaya kamar raina, amma a gidanmu Rediyo muke ce mata tun muna yara. In ta ji da safe, kafin ta canja takalmi duk asibiti ya sani.

To sai aka nuna rabin farko. A nan yarinyar ta maƙale, tana ta uku da maki casa'in, Tabarau yana da ɗari da tamanin. Zo ki ga yadda unguwa ta rikice. Akwai wata mai kawo mini ɗinki, Uwar Biyu, ita ce shugabar magoya bayan Tabarau a layinmu. Matar nan idonta lafiya lau, amma ta je ta sayo tabarau marar magani ta maƙala, tana tura shi sama da yatsa kamar yadda yaron yake yi. Kanikawan da ke gefenmu suka yanko na kwali suka saka, suna gyaran mota a haka. 'Yan matan da ke son Walƙiya kuma duk teburin da suka gani sai sun buga shi, wai suna danna ƙararrawa. A zauren magoya baya na waya aka yi ta rubuta cewa 'Yar Shiru ta yi shiru gaba ɗaya. Tsohon nan mai gyaran agogo, wanda yake namu ne tun zagayen farko, ya zo har shago ya yi mini sannu da haƙuri da murya ƙasa ƙasa. Ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa. Ina amsa jajen ina murmushi har kunne. A ranar, hannun riga na ɗinka a wurin wuya.

Ranar Asabar na yi ɓarnar. Uwar Biyu tana tsaye ina auna mata kafaɗa, tana ta cika baki wai yarinyarmu tsoro ne ya kama ta, wai dama can sa'a ce ta kawo ta. Raina ya ɓaci, ban san lokacin da na ce, "Ai tun ranar da ta ci..." ba. Kekuna biyu suka tsaya cak. Uwar Biyu ta sauke tabarau zuwa kan hanci tana kallona. Na duba hagu na duba dama, idona ya faɗa kan mai gyaɗar da ke zama a tsallaken titi, sai na ƙarasa da cewa tun ranar da ta ci gyaɗa mai yawa maƙogwaronta ya kama, shi ya sa muryarta ba ta fita.

Na ɗauka na tsira. Kafin yamma maganar ta cika waya. Aka zana hotonta riƙe da ƙullin gyaɗa, aka canja mata suna zuwa 'Yar Gyaɗa. Wani ya yi dogon bayani a kan yadda gyaɗa take daskarar da ƙwaƙwalwa, mutum ɗari biyu suka yarda da shi. Mai gyaɗar ma ta tsallako ta yi mini ƙorafi wai 'yan makaranta sun daina saye, suna tsoron faɗuwa jarrabawa.

Ranar Lahadi Yaya ta zo da kayan aikinta a jiki, ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi zama. Idonta ya yi ja. Ta ce, "Na ba ki amanar 'yata, kika cika mata ciki da gyaɗa, ana yi mata dariya a duniya, ke ma kina yi." Gwaggo, na buɗe baki zan ba ta haƙuri, sai dariya ta kufce mini. Wallahi ban yi niyya ba. Ta juya ta tafi. Tun daga nan ba ta ɗaga wayata, ta kuma aiko cewa kada in zo gidanta kallo ranar Juma'a. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, don mu biyu ne kaɗai a wurin mahaifiyarmu, kuma ba mu taɓa kwana biyu ba mu yi magana ba. An ce mini duk abin da aka rubuta a waya sai Yaya ta karanta, ta shiga ɗaki ta share hawaye. Ita kuwa yarinyar tana nan tana wanke-wankenta hankali kwance. Da uwar ta tsare ta a kan maganar gyaɗa, wai sai ta ce, "E, Mama, na ci." Kin ji 'yar nema, ta faɗi gaskiya tsirararta kuma ba wanda ya gane.

Uwar Biyu kuma ta sa mini ido. Sau uku tana kawo rigar da babu abin da ya same ta wai a rage mata, tana zama tana tambayata wai me ma na ce ta ci. Jiya na sake zamewa, da ƙyar na juya ta zuwa ta ci gaba da karatu. Yanzu allura nake riƙewa a baki duk yini don kada in yi magana.

Saura kwana huɗu. In je in raɗa wa Yaya a kunne, in sa ta rantse? Ko in bar ta tana kuka tana ganina marar imani? Ki faɗa mini da wuri, lambata tana ƙasa.

Taki, Mai Ƙaiƙayin Baki.

AMSAR GWAGGO

Masu karatu, wasiƙar nan ranar Litinin ta iso, kuma a ranar na aika wa mai ita wannan amsar ta waya. Na kulle takardar a aljihun tebur, ba a buga ta ba sai yau da kowa ya riga ya ga wasan. Ga abin da na ce mata.

Ƙanwata, da farko cire allurar nan daga bakinki, kada murna ta kai mu asibitin da Yaya take aiki. Na biyu, kin lura kuwa da cewa sirrin da kike tsoron faɗa wa mutum ɗaya, jarida kika rubuto wa shi? Allah ya taimake ki hannuna ya fara shiga. Sai dai ki sani kin cuce ni, don ni ma ta Tabarau ce, kuma yanzu dole in zauna cikin abokan aikina ranar Juma'a ina yin kamar ban san komai ba. Na yafe miki. Ki ɗauka kin faɗa wa mutum ɗaya kin huta, ni ce mutumin, kuma daga kaina an rufe.

Ba na raina damuwarki. Uwa tana karanta ana yi wa 'yarta ba'a, ga ƙanwarta tana dariya, wannan ciwo ne na gaske, kuma Yaya tana da gaskiya da ta yi fushi da abin da idonta ya gani. Son da kike yi mata ne yake tura ki ki faɗa. Amma sirrin nan ba naki ba ne. Na yarinyar ne, ita ta yi karatun, ita ta roƙe ki, kuma karatunta na jami'a ne a kan takardar da kika sa wa hannu. Ke da ba a kiranki Rediyo kin zame sau biyu a kwana uku. In kika ɗora wa Yaya wannan kayan ta zame sau ɗaya a gaban mutumin da bai dace ba, za ta rayu tana ganin bakinta ne ya hana 'yarta karatu. Kukan kwana huɗu ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba. Kada ki faɗa mata.

Amma kada ki zauna ki naɗe hannu. Ki je gidanta yau, ko ta ɓata rai. Ki ba ta haƙurin dariyar, ki gaya mata maganar gyaɗa ƙarya ce kika ƙirƙira don Uwar Biyu ta tunzura ki, yarinya ba ta ci ko ƙwaya ɗaya ba. Wannan gaskiya ce, kuma ba ta taɓa sirrin. In kin ji dariya na tasowa, ki tuna jan idonta. Ki ba yarinyar ma haƙuri, don ke kika jawo mata sabon suna, ki kuma nuna mata halin da uwarta take ciki. Ita ce za ta iya karɓe wayar nan daga hannun Mama, ta ce mata ba ta jin kunyar abin da ta yi a gasar.

Ita kuwa Uwar Biyu, ba kya buƙatar wata sabuwar ƙarya. Ki ce mata kun sa hannu ba za ku yi maganar wasan ba, ki miƙa mata rigarta. Daga yau zuwa Juma'a ki sallami kalmar nan ta ci daga bakinki, ko abinci aka kawo ki ce a taɓa. Ki tsallaka ki sayi gyaɗa a gaban 'yan makaranta, ki wanke baiwar Allah da kika kashe wa kasuwa. In an gama kuma, ki sassauta wa masu tabarau. Yaron nan ɗan wasu ne, shi ma ya yi ƙoƙari, kuma akwai uwar da za ta share hawaye a nasu ɗakin.

Ranar Juma'a ki sa tef ɗin awonki a jaka ki tafi gidan Yaya, ko a bakin ƙofa ne ki tsaya. Ke kin riga kin ga wasan, don haka kada ki kalli talabijin. Ki kalli fuskar yayarki lokacin da za a yi tambayar yadi, don wannan ne rabon da yarinyar ta ajiye muku ku biyu. In Yaya ta juyo tana nemanki da ido, to ki faɗi kalmomin nan biyu da ƙarfinki, babu gyaɗa a bayansu.

Allah ya sa wa karatun albarka, ya daidaita tsakaninki da Yaya, ya kuma riƙe mana bakunanmu, ni da ke, har zuwa ƙarfe biyar.

Gwaggonki.