Jakin da ke cikin layar Usman

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Ni ne Malam Munkaila na Kiyeshe, liman shekara talatin da ɗaya, wanda manyan Yamai ke aiko wa mota don addu'a. Ina rubuta wagga wasiyya hankalina garau, ba zazzaɓi, ba ruɗewa. Za ku iske ta cikin gafakata bayan an kai ni. A karanta ta gaban uwarku Sahura, kuma kada Kamal shi katse mai karatu.

Na ɗaya. Gonar fadama ba a raba ta. A noma ta tare, hatsin shi shiga rumbu guda, uwarku ta riƙe makulli.

Na biyu. Littattafaina na Kamal ne, shi ne babba. Na san tun da ya buɗe butiki a Dogon Dutsi ya ɗage wando, rabinsu bidi'a yake ce musu. Shi ajiye su dai, kada gara ta ci.

Na uku. Ɗiyata Balki ta ɗauki tunkiyar nan mai baƙin kunne. Amalanke da rediyo na Luƙman ne, autana, ɗan albarka, wanda bai taɓa sa kunama cikin takalmin ladan ba, ƙarya aka yi mishi.

Na huɗu, kuma don shi na ɗauki alƙalami. Zancen Yazid ne, baƙon da ke kwana ɗakin ɗan'uwanku Usman.

Kun san Usman ya shiga soja, aka kai shi yamma, wajen iyaka. Damana biyu ke nan da aka kira mu ta salula aka ce ya rasu. Ba mu ga gawa ba, ba mu ga kabari ba. Uwarku ba ta yi kuka ba, daka ta ci gaba da yi har hatsin ya zama gari. Wata huɗu da suka wuce wanga mutum ya yi sallama, ramamme, ya ce tare suka yi aiki, kuma Usman bisa cinyarshi ya cika. Ya miƙa wa uwarku layar da muka rataya wa Usman ranar tafiya. Ranar ta yi kuka. Ta ba shi ɗakin da tabarmar.

Kamal bai yarda ba, kuma ban ga laifinshi ba, don mun ji labarin masu yawo gidajen mamata da tsohon kaki suna cin tuwo. Ya tambaye shi katin soja, ya ce ya ƙone. Ya tambaye shi matirikil, lambarshi ta soja, ya faɗi lamba uku ya tsaya. Ya sa shi fareti tsakar gida gaban yara, ya ɗaga ƙafa sau biyu ya zauna ƙasa. Ya kai hotonshi wurin wani tsohon sarjan a Dogon Dutsi, sarjan ya ce soja dubu nawa ne, shi ina zai san kowa. Laya kuwa, in ji Kamal, ko ɓarawon gawa yana iya kwance ta. Ya rantse ana gama addu'ar bakwai ɗina zai kai shi gidan jandarma su bincika. Ku sani, Yazid ba sallamarshi aka yi ba. Bayan abin da ya gani ya aje bindiga ya kama hanya. In an kai shi can, za a gane soja ne, kuma ba zai komo ba.

Don haka na hana. Na bincika da kaina. Layar ɗinki biyu gare ta: na baduku da jan zare, da wani na hannu da koren zare irin na kaki. Na farke ta. Babu aya ko ɗaya ciki. Zanen jaki ne da hular soja, ƙarƙashinshi an rubuta: Usman mai gudun zakara.

Nan na san Kamal ya riga ya katse mai karatu. Ya ce Baba da ya shekara uku ba ya gani, ya aka yi ya ga jaki? Kuma yaushe manyan Yamai suka taɓa aiko mishi ko keke?

Gaskiyarka, Yaya. Baba bai bar wasiyya ba. Ni ne, Luƙman. Tun da idonshi ya tafi ni ke yi mishi rubutu, shi ya sa hannunmu ya zama ɗaya. Tunkiya da littattafai ku raba yadda shari'a ta ce, amalanken ma na yafe. Na ari sunanshi don in da nawa na fara, da kun yi dariya kun tashi kafin in kai na huɗu.

Ranar da Usman zai tafi, Baba ya zauna ya yi mini shifta, ayoyin tsari, ina gabanshi da tawada. Yana karantawa ina zana jaki. Na naɗe, na kai wa baduku. Na ce in ya zo hutu sai in ce ya buɗe, mu yi dariya, in rubuta mishi ta gaskiya. Bai zo hutu ba.

Inna, kin tuna ranar da Yazid ya zo, bayan ya ba ki layar, ya dubi mazan gida ya ce wane ne mai jaki? Kuka ɗauka taɓin hankali ne. Ni na ji. Na tashi na tafi ba dabbobi ruwa. Wata huɗu ina kallo ana sa shi fareti. Shekaranjiya, da muka komo daga kai Baba, na iske Yazid bayan rumbu na tambaye shi. Ya ce ruwan sama ya jiƙa fatar ta buɗe, Usman ya gani, ya yi dariya har ya faɗi, ya zagaya da ita ya nuna wa kowa ya ce aikin autanmu ne. Suka ce shi jefar shi nemi ta kirki. Ya ɗinke abinshi ya maida ga wuya. Wata bakwai ya ƙara da ita.

Ɓarawon gawa ba ya sanin abin da ke cikin laya ɗinkakka, Yaya. Wanda ya zauna da shi ne ya sani. Ka ce laya ba ta tare harsashi, ajali ne. Ina so in yarda da kai. Ba na jin komi game da abin da na yi yanzu, ko ɗaya, barci nake yi kamar kullum.

Allah shi jiƙan Baba, shi yafe mini aron sunanshi. Allah shi jiƙan Usman, shi ba Inna haƙuri, shi yi muku albarka ku duka. Kada gidan nan shi rabe kan baƙon da gaskiya ya faɗi. A bar mishi ɗakin. In dole sai an kai wani gaban hukuma, ina zaure.

Takardar cikin layar tana ƙarƙashin wagga, ku buɗe ku gani. Kunnen jakin guda ya fi guda tsawo.

Luƙman, ɗan Malam Munkaila.