Na Ajiye Ban Haƙurina a Waƙa ta Goma Sha Ɗaya

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara. Yau kwana tara ke nan matata tana gidan yayarta, kuma duk wanda na ba wa labarin sai in ga yana ƙunshe dariya. Ni kuwa ban ga abin dariya ba.

Ni mai gyaran agogo ne, shekara ashirin da biyu ina wannan sana'a. Idan na buɗe cikin agogo, duk abin da na cire sai na jera shi a kan farin ƙyalle daga hagu zuwa dama, in na tashi mayarwa kuma in biyo daga dama zuwa hagu. Na faɗi wannan ne don ki san ni mutum ne mai girmama tsari, kuma haka nake sauraron waƙa. In mawaƙi ya fitar da kundi mai waƙa goma sha biyu, ya san dalilin da ya sa ta ɗaya ta zama ta ɗaya. Watanni ya yi yana auna wacce za ta bi wacce. Shi ya sa in na rufe shago da yamma nake zama a kujerata ta falo in kunna daga farko, ba na motsawa sai ta ƙarshe ta ƙare.

Matata malamar makaranta ce, shekararmu goma sha uku da aure, 'ya'yanmu uku. Tana da kirki, ban ce ba ta da shi ba. Amma akwai wata ɗabi'arta da ke ƙona mini rai. A wayarta akwai maɓallin nan mai kibiya biyu a sarƙe, wanda ke hargitsa waƙoƙi ya jefo wadda ya ga dama. Nata kullum a kunne yake. Sai ki ji waƙar ban kwana ta riga ta gaisuwa, ta kuka na ƙarewa ta rawa ta faɗo. Ita ko a jikinta, tana guga tana kaɗa kai. A ganina wannan ba sauraro ba ne, raina wahalar mutane ne kawai.

Wata Asabar ƙanwata da mijinta suka zo mana yini. Waƙa na tashi daga kicin a hargitse kamar kullum, sai mijin ƙanwar tawa ya tambayi kundin wane ne. Na ce masa kada ya wahalar da kansa, mai wayar ma ba ta sani ba, domin masu danna wannan maɓalli kunnuwa kawai gare su, babu komai a tsakanin kunnuwan. Har na ƙara da cewa ina tausayin yaran da take koyarwa, wataƙila daga ƙarshen littafi take fara musu. Aka kwashe da dariya. Ashe tana bakin ƙofa da tire a hannu. Ta ajiye a hankali ta koma, kwana uku ba abin da ya haɗa mu sai gaisuwa.

Na san na ɗan zarce. Amma ni bakina yana da nauyi, ban iya irin waɗannan maganganu ba, sai na yi dabara. Akwai wani kundi da nake ji da shi, na wani tsohon mawaƙi, labarin miji da mata ne tun daga farko har ƙarshe. Waƙoƙi shida na farko faɗa ne, yana jero mata laifuffukanta. A ta huɗu ma har yana ce mata ƙofa a buɗe take, in ta ga dama ta kama gabanta, ba mai riƙe ta. Daga ta bakwai kaɗaici ya fara cin sa. A ta goma sha ɗaya ya durƙusa ya nemi gafara da kalmomin da ni kaina sai da na share hawaye, a ta ƙarshe suka shirya. Da safe kafin in fita shago na tura mata kundin, na rubuta cewa duk abin da ke zuciyata yana ciki.

Anti, kin san abin da ya faru? Tana dannawa, maɓallin tsiyar nan ya tsallake komai ya jefo mata ta huɗu. Na dawo na tarar da gida tsit, ba ita ba yara. A kan kujerata ta bar 'yar takarda cewa ta ji saƙo, ta gode, kuma ta ga ƙofar.

Na tura mata dogon bayani cewa kuskuren daga gare ta ne, da ta bi tsari da ta isa ta goma sha ɗaya. Yayarta ce ta kira ni ta wanke ni tas, ta kuma shaida mini cewa matar tawa ta fara neman ɗaki kusa da makarantarsu. Tun daga nan ko ƙaramin agogon hannu na kasa gyarawa. Ina son matata, ba na so in rasa ta. Yaya zan yi ta gane cewa maɓallin ne ya shiga tsakaninmu? Kuma don Allah ki gaya wa masu karatu gaskiya, ai kundi a jere ake jin sa ko?

Naki,
Mai gyaran agogo

AMSA

Malam mai agogo, na karanta wasiƙarka daga farko zuwa ƙarshe, a jere, don kada ni ma ka ce babu komai a tsakanin kunnuwana.

Bari in fara ba ka naka. Kundin da aka gina a kan labari a jere ya fi daɗi, ni ma akwai waɗanda ba na yarda a hargitsa mini. Ita ma matarka ta yi gaggawa da ta haɗa kaya a kan waƙa guda. To, ka ci wannan gardama, sai ka rungume ta ka gani ko za ta taya ka hira a falo.

Yanzu koma ka karanta wasiƙarka da kanka. Kai kana kan kujera. Ita tana guga, tana kicin, tana ɗauke da tire. Kundin nan naka minti nawa ne, hamsin? Yaushe rabon matarka da minti hamsin nata na kanta? Mai aji da safe, da littattafan dubawa da yamma, da yara uku, da ƙyar take samun minti goma kafin wani ya ƙwala mata kira. In ta bi tsarinka, waƙa ta ɗaya da ta biyu za ta yi ta ji har furfura. Maɓallin da kake zagi shi kaɗai ke kai ta waƙoƙin ƙarshe. Kai kuma da kake jin goma sha biyu cif ba mai taɓa ka, ka taɓa tambayar kanka wa ke riƙe maka gidan a lokacin?

Sai dabarar taka, wadda ban san da me zan auna ta ba. Kai da bakinka ka ce maɓallinta kullum a kunne yake, ka sani sarai, ka kuma tura. A ce ma a kashe yake. Wato macen da ka kunyata za ta zauna ta haɗiye waƙa shida ana jero mata laifi kafin a ce mata yi haƙuri? Kuma batun nauyin baki ka bar shi. Ranar da ka ci mutuncinta da na aikinta a gaban baƙi ba ka nemi mawaƙi ya taya ka ba, bakin ya yi aiki lafiya lau har da ƙari. Da aka zo ban haƙuri ne ya yi nauyi, ka aiki tsoho ya durƙusa a madadinka.

Gobe kada ka buɗe shago. Ka tafi gidan yayarta da ƙafarka, waya a aljihu. Ka gaishe da yayar da mutunci, ka shanye duk abin da za ta faɗa. In matarka ta fito, kada in ji ka ambaci maɓalli ko lambar waƙa. Ka faɗi abin da ka ce ranar Asabar ɗin, har da maganar ɗalibanta, ka ce ka yi laifi. Ka kira ƙanwarka da mijinta ka janye maganar a gabansu, tunda a gabansu ka yi ta. In ba ta biyo ka ranar ba, ka sake komawa. In ta dawo, ka karɓi dutsen guga ko da sau ɗaya a mako, ta zauna a kujerar nan taka minti hamsin. In a can ma ta danna kibiyoyinta, wayarta ce, ka ja bakinka ka ci gaba da guga.

Ka ce kai mai girmama tsari ne, na yarda. To mai tsari ba ya ajiye ban haƙuri a lamba ta goma sha ɗaya, da shi ake farawa. Allah ya sanyaya zuciyarta, ya daidaita tsakaninku, ya sa ka isa kafin ta karɓi makullin ɗakin nan.