Haƙoran Sabo da wayar filogi

Assalamu alaikum, Yaya Garba. Ya jiki, ya aiki, ya iyali da yara? Mu nan lafiya, sai ɓarnar da na yi.

Ranar da za mu kai wake kasuwar Dawanau, a-kori-kurar Baba ta kama tari, inji na rawa, ko tudu ba ta ja. Sabo ɗan Kawu Isa ne ya sayo mai, sai na ce kananzir ya haɗo mana. Ya ce in iya bakina. Na mare shi, ya shaƙe ni, na fizgo sifana na maka masa. Haƙori biyu a ƙasa, jini har rigata.

Washegari na zuƙo man, lafiyarsa ƙalau. Na tada inji ina cire wayoyin filogi ɗaya-ɗaya. Da na cire ta uku, ƙarar ba ta canza ba, ashe wayar ce ba ta aiki, ba laifin mai ba ne. Yaya, ɓeran rumbu ne ya gaigaye ta.

Kawu ya rantse sai mun je gaban alƙali, Baba ya daina amsa gaisuwata. Kai kaɗai Kawu ke jin maganarka, don Allah ka kira shi. Ka roƙa min Allah ya raba ni da baƙar zuciyar nan, don har yau na kasa taka ƙofar gidan su Sabo.

Ka gaida mutanen gidan.

Ƙaninka, Habu