Tanon Kaka Dado

Litinin, 14 ga Oktoba 2024
Na samu aiki da amalankena. Gidan gona na tattara tanoni da bidodi, wato ganguna da jarkokin roba da aka yi feshin fara da su, ni zan bi ƙauyukan Gangara ina kwasowa. Mushe Attahir, jami'in gidan gona, ya tara mu ƙarƙashin iccen bedi, ya ce doka ta raba shara gida biyu, mai haɗari da marar haɗari. Kwali, tsumma, gwangwanin tumatir, duk marar haɗari. Abin da ya taɓa ɗaukar guba kuwa mai haɗari ne, ko babu ɗigo a cikinsa. Har marfinsa. A huda shi a tara wuri ɗaya, ba ƙonawa, ba binnewa.

Jika, abokin aikina, ya ce to surukarsa wane gida ta faɗa? Mushe ya ce wannan sai alƙali. Muka yi dariya. Tawa ta tsaya da ya ɗaga wani tano shuɗi mai zanen ƙoƙon kai. Irinsa ne a ɗakin Kaka Dado, ciki take ajiye ruwan sha. Zanen nata ya koɗe, amma shi ne.

Laraba, 16 ga Oktoba
Na gaya mata. Tana sussukar gero, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Maigida, yaushe ka zama gwamnati ban sani ba? Ko turmin zane ba ka taɓa saya mini ba, sai kwashe kayan ɗaki."

Na ce, "Uwargida, guba ce ta zauna ciki."

Ta ce Babana ne ya ɗauko mata shi a ka daga kasuwar Belbeji, shekarar da zai rasu. Ta wanke da toka da tsamiya, ta shanya a rana har wari ya tafi, sannan ta ba kaza ruwan farko, kamar yadda kowa ke yi a nan. "Kazar ta sha, ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe. Kai da bakinka ka ci jikokinta."

Na sha ruwan da ta miƙo mini.

Juma'a, 18 ga Oktoba
Na tambayi Mushe maganar kaza. Na zaci zai yi dariya, bai yi ba. Ya ce guba na shiga jikin roba kamar yadda man shanu ke shiga ƙwarya, tana fita kaɗan-kaɗan, musamman da zafi. Kaza ba ta daɗewa a duniya har ta ba da shaida. Ya ce shi ba zai shiga ɗakin tsohuwa da ƙarfi ba, ni na san ƙofar.

Asabar, 26 ga Oktoba
Yau ma ban ɗauke tanon Kaka ba.

Talata, 29 ga Oktoba
Wata mata ta rungume bidonta ta ce rijiyarsu nisa, da me za ta ɗebo? Na lallashe ta har ta saki. Ina ɗorawa mijinta ya ce, "Samari, naku na gida fa, an huda?" Na yi kamar ina gyara igiyar jaki.

Hannun Kaka na rawa in ta ɗauki moɗa. Ya daɗe yana yi, ni ne ban taɓa tsayawa na duba ba. Ko tsufa ne. Ban sani ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba
Ta faɗi a bakin murhu. Yayata Nafisa ta tafi da ita likita, asibitin Tanut. An ce ƙoda. Lokotoron da ya duba ta ya tambayi abin da take shan ruwa a ciki, Nafisa ta faɗa, ya ce ba zai iya rantsewa ba, amma a daina.

Asabar, 9 ga Nuwamba
Na mirgina tanon Kaka bayan gari, na zubar da ruwan nesa da awaki. Na huda gindinsa da ƙarfe. Roba ce mai kauri, sai da na yi gumi. A jikinsa akwai igiyar da Baba ya ɗaura wa marfin don kada ya ɓace, ƙullinsa ne, irin na masu raƙuma. Na kai shi wurin tarawa, na sayo randa babba na kafa a gurbinsa.

Laraba, 13 ga Nuwamba
Sun dawo. Ta tsaya bakin ƙofa tana duban randar, ta daɗe. Na shirya wa zagi, har na tanadi amsa.

Ta ce, "Ila, shimfiɗa mini tabarma."

Tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba.

Litinin, 18 ga Nuwamba
Kullum da safe nake cika randar kafin in ɗaura jaki. Tana sha, tana cewa ta gode, kamar wanda ya zo baƙunta. Jiya na ce, "Uwargida, in ba a yi mini fura ba zan ƙaro aure." Ta ce, "Allah ya sa alheri." Ta juya fuska bango.

Nafisa ta ce in yi haƙuri, za ta huce. Haƙuri dai ina da shi.

Talata, 26 ga Nuwamba
Ina rijiya aka aiko Kaka ta cika. Da ruwan randar aka yi mata wanka.

Alhamis, 28 ga Nuwamba
Na tambayi Nafisa ko ta ambace ni. Ta ce ta ce a ajiye wa Ila fura in ya dawo. Na ce haka ta faɗa, Ila? Nafisa ta ce haka.

In na yi gaggawa ne ko na makara, babu mai gaya mini. Mushe ya zo gaisuwa, ban tambaye shi ba.

Talata, 10 ga Disamba
Mota ta zo daga Damagaram kwasar tanonin. Ni na ɗora nata da hannuna, na sa shi can ƙasa don kada in riƙa ganinsa. Mushe ya ce wannan ina marfinsa? Na ce haka ya zo. Ya dube ni, ya dubi aljihuna, ya ce a ɗaure kaya.

Marfin yana wurina, na kuma san gidan da doka ta sa shi. Ba na sha da shi, ba na barin yaran Nafisa su taɓa. Na naɗe shi a leda tare da igiyar, yana ƙasan akwatina.

Gobe akwai ƙauyuka biyu da suka rage.