Hoto na Takwas

Barikin 'Yan Sanda, Obalande, Ikko
24 ga Satumba, 1960

Zuwa ga Yaya Fati da Malam Ya'u,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da yara duka. Yaya 'yata Mary take? Ina fata ba ta cika muku gida da kuka ba. Malam, ka yi haƙuri da rubutuna, ka san a aji uku na tsaya. Ka karanta wa Yaya a hankali, kada ka tsallake kome.

Na iso lafiya ran Talata. Daga Jos kwana biyu muka yi a jirgin ƙasa. Da muka hau gadar Jaba na ga ruwa, sai na miƙe tsaye na ce, "Ya Ubangiji, ga teku!" Wata mai goro ta ja zanena ta ce, "Zauna 'yar nan, Kwara ce. In kin ga teku suma za ki yi ke nan."

Yaya Fati, Ikko ta fi ƙarfin bakina. Gida kan gida kan gida, mutum na shanya a sama inda shirwa ke wucewa. Na ga jirgin ruwa guda da zai haɗiye kasuwar Wunti duka da rumfunanta. Ko'ina an rataya tuta kore da fari saboda bikin 'yancin kai. Yayata Juliana ta yi nauyi sosai, yau ko gobe ne. Mijinta Andrawus kullum yana fareti, takalminsa ma ya fi fuskarsa ƙyalli.

Akwai abin da na ɓoye muku. Na taho da akwatin hoton marigayi mijina Elias, wanda Baturen safiyo ya bar masa. Malam, tun da kai da shi kuka dawo daga Ikko bara, lokacin da kuka je ɗauko wa ma'aikata sabuwar mota, fim ɗin yana ciki. Ya ce sai ya je Jos zai ba da a wanke. Mako uku bayan nan zazzaɓi ya kwantar da shi, kun san sauran. Na naɗe akwatin cikin rigarsa na ajiye, ban buɗe bayansa ba, don ya sha ce mini haske na kashe hoto.

Ba ni da hotonsa ko ɗaya. Na aurenmu ma ba a yi ba. Kwanan baya Mary ta tambaye ni, "Mama, Baba fari ne ko baƙi?" Na amsa mata. Amma da na rufe ido don in ga fuskarsa, sai rigarsa da hularsa suka zo, fuskar ba ta zo duka ba. Ban gaya wa kowa ba sai ku.

Andrawus ya ce kada in sa rai, wai mai riƙe da akwati ba ya fitowa a hoto. Amma ya leƙa 'yar jar tagar da ke baya ya ce tana kan lamba takwas, fim ɗin kuwa takwas yake ci, wato saura guda ba a ɗauka ba. Elias ya yi mini alkawari zai kai ni in ga teku. Ni dai a raina na ce, wannan gudan ni ya bar wa. Ran Lahadi ta bayan biki, in mun taso coci, Andrawus zai kai ni bakin teku ya ɗauke ni da shi, sa'an nan mu kai a wanke duka.

Mary ba ta son yaji a miya, amma kada ku biye mata. Allah ya saka muku.

Taku,
Paulina

*

Unguwar Jahun, Bauchi
4 ga Oktoba, 1960

Zuwa ga Uwar Mary,

Bayan gaisuwa da girmamawa da tambayar lafiyarki da ta masu masaukinki, ina sanar da ke takardarki ta iso yau Talata da hantsi. Hutun biki ne ya tsare ta a gidan waya. Na duba kwanan wata na ga Lahadin da kika ambata ta wuce shekaranjiya. Duk da haka ina rubutawa, ko Allah ya sa ruwan sama ko haihuwa sun hana ku fita.

Idan ba ku ɗauka ba, kada ku danna. Na takwas ba fanko ba ne.

Mutane sukan murɗa fim da zarar sun ɗauki hoto, shi ya sa ɗan sandanku ya faɗi abin da ya faɗa. Abokina ba haka yake yi ba. Shi sai zai ɗauki sabo yake murɗawa, wai kada fim ya zauna a bakin gilashi ya sha iska. Na sha gaya masa wannan ba ilmi ba ne, ya ce in je in koya wa alƙalamina. Saboda haka lambar da ke taga ta hoton da ya riga ya shiga ce.

Na san abin da ke cikin na takwas, domin ni na ɗauke shi. Ranarmu ta ƙarshe a Ikko ya miƙo mini akwatin a bakin teku, ya naɗe wandonsa zuwa gwiwa ya ce, "Malam akawu, ɗauke ni, don Paulina ba za ta yarda na taka ruwan nan ba." Shi ne kaɗai hotonsa a fim ɗin. Idan aka sake dannawa ba a murɗa ba, sabon hoto zai hau kan tsohon.

Laifina ne. Na zaci an wanke tun yana da rai, kuma nauyin tayar miki da zancen ya hana ni tambaya.

Fati ta ce in rubuta nata yadda ta faɗa, ga shi: "Ke 'yar Ikko, kin tafi da kaya a ƙunshe ba ki gaya wa yayarki ba, za mu haɗu. Mary ta yi ƙiba, ta ci tuwon biki har ta ƙwace wa 'yarmu Azumi tutarta. Da safe takan ɗaga hannu tare da mu, da yamma ta rera mana waƙar cocinku, mun kusa haddacewa. Kome ya faru kada ki zauna ke kaɗai da shi, ki rubuto."

Haza wassalam.
Ya'u Abdulsalam

*

Obalande, Ikko
5 ga Oktoba, 1960

Yaya Fati da Malam,

Ina gaishe ku da murna biyu. Ban ga amsarku ba tukuna, amma ba zan iya jira ba. Yaya Juliana ta sauka lafiya ran Laraba ta makon jiya, mace. Andrawus ya so a sa mata Indifenda, Yaya ta ce in ya haifi tasa ya sa. Sunanta Cecilia.

Na biyu kuma, na ga teku.

Tun kafin mu gan shi na ji shi. Na ce wa Andrawus hadari ya taso mu koma, ya yi dariya ya ce in ci gaba da tafiya. Muka hau wani tudun yashi, sai ga shi. Yaya, ba shi da ƙetare. Kin san ko kogin Gongola ya cika, in ka duba za ka hango bishiya a can. Wannan babu can. Ruwa ne har inda ya taɓa sama, kuma ba ya gudu gabas ko yamma kamar kogi, kanka yake zuwa. Ya taso kamar bangon gida, ya faɗi, ya ja da baya, ya sake tasowa. Na tambaya ko da wane lokaci yake hutawa, aka ce tun da aka yi duniya bai huta ba.

Mai goro ta kusa yin gaskiya, sai na zauna a yashi. A coci mukan karanta cewa Allah ya tattara ruwaye wuri ɗaya, ni kuwa tafkin bayan gari nake gani a raina. Ashe ban san abin da nake karantawa ba. Akwai wasu masu fararen riguna suna addu'a da ƙararrawa a gefe, ƙarar ruwa ta shanye muryarsu duka.

Na cire takalmi na shiga zuwa idon sawu. In ruwan zai koma sai ya janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka, ka ji kamar ƙasa ce ke tafiya. Na ɗanɗana, gishiri ne zalla, Elias bai yi mini ƙarya ba. Da ya faɗa mini bara cewa na yi, "To me ya hana matan Ikko dafa miya da shi?" Na tuna wannan, na yi dariya, na yi kuka, duka a tsaye cikin ruwa.

Andrawus ya rungume akwatin a cikinsa kamar mai riƙe da jariri yana ta ihu, "Ƙanwata, nan za ki duba, ba ruwa ba!" Na yi ƙoƙari. Amma daidai lokacin da ya danna wani babban ruwa ya taso ta hannun damana, na juya na dube shi. Ya ce na ɓata masa aiki, gefen fuskata kawai zai fito. Ban damu ba. Na karɓi abin da mijina ya bar mini.

Na cika wa Mary kwalba da ruwan teku. Ku gaya mata.

Taku,
Paulina

*

Obalande, Ikko
13 ga Oktoba, 1960

Malam,

Ina gaisuwa. Takardarka ta zo shekaranjiya. Ka riga ka ga tawa, ka san mun danna.

Sau uku na karanta. Andrawus ya cire hularsa ya zauna a dakali, bai ci abinci ba ranar. Na ce masa ba laifinsa ba ne. Kai ma ba naka ba ne. Shekara guda da wata uku ina tsaron akwatin nan daga haske da ruwa da hannun yara, ashe daga kaina ya kamata in tsare shi. Na ɗauko shi tun daga Bauchi na kawo shi har wurin da Elias ya tsaya, na tsaya a kansa.

Jiya mun kai fim ɗin wurin wani dattijo Bayarabe mai hoto. Ya zauna a Jos, yana jin Hausa. Na gaya masa kome. Na ce ko akwai dabarar da zai kankare ni ya bar mijina. Ya ce, "Iya, haske in ya shiga ya shiga, ba a tsince shi kamar tsakuwa a shinkafa." Ya ce wani lokaci duka biyun sukan ƙone su zama fari fat, wani lokaci a ga wani abu. Ba zai sani ba sai ya wanke. Ran Litinin zan koma.

Kada a gaya wa Mary akwai hoto. Amma Malam, in ba zai yi maka nauyi ba, ka rubuto mini yadda ya tsaya ranar, da abin da ya sa, da ko yana dariya. In takardar ta fito fari, naka zan ajiye mata.

Ki yafe mini ɓoyon da na yi, Yaya Fati.

Paulina

*

Obalande, Ikko
17 ga Oktoba, 1960

Yaya Fati da Malam,

Gaisuwa. Na karɓo.

Bakwai sun fito tas. Akwai jirgin ruwa, da gada, da bishiyar kwakwa, da wani dogon bene da ya yanke wa kai, da mai sayar da kifin da ya kai tsawon yaro, da sabuwar motar. Na bakwai kuma wani babban akawu ne ya tattare babbar riga yana gudu, ruwa na binsa, hularsa a ƙasa. Yaya, wannan naki ne, ki rataye shi inda baƙi za su gani.

Na takwas dattijon ya ƙi bugawa, ya ce ya lalace, zai zubar masa da suna. Na zauna a bencinsa na ce ba inda za ni. Ya buga.

Teku ya fito biyu, ɗaya bisa ɗaya. Elias yana tsaye a damana, wando a naɗe, kumfar ruwa ta ratsa ƙirjinsa, hannunsa ɗaya ya ɓace cikin kafaɗata. Daga wuya zuwa ƙasa ba ka sanin inda rigarsa ta ƙare zanena ya fara. Amma fuskar tana nan, ba abin da ya taɓa ta. Dariya yake yi, har da wushiryar. Na manta yana da wushirya, Yaya. Ni kuma ga ni a gefe na juya, shi nake kallo.

Dattijon ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya tambaya ko zan bar shi ya buga wa kansa guda. Na ce ya buga.

Malam, in ka riga ka rubuta abin da na roƙa, ka aiko duk da haka. Zan taso ran Asabar in Allah ya yarda. Yanzu ku gaya wa Mary. Ku ce mata ina zuwa da ruwan teku da Babanta, kuma kunnuwanta nasa ne.

Taku har kullum,
Paulina