Nauyin Yaya Gambo

Litinin, 8 ga Agusta, 2022
Yau dai na ɗora Yaya Gambo a sikelin asibitinmu na Gayam. Kilo casa'in da biyu. Na haɗa da tsawonsa na buga BMI, ma'aunin ƙiba, talatin cif, ƙiba ke nan. Ya yi dariya, ya miƙo damtse wai in nemo kitsen. Na matsa, kamar turmi. Mutumin da ke dakon buhun masara tun ina goye. Duk da haka na ce ya rage tuwo, don kar ya raina min karatu.

Alhamis, 11 ga Agusta
'Yan bindiga sun tare motar su Yaya a hanyar Tsohon Birnin Gwari. Sun harbe direba a wuya. Rhoda mai ƙosai ta tsira don ta kwanta cikin jininsa. Ta ce sun jera mazan suna lalube su kamar ragunan layya. Da aka zo kan Yaya ɗaya ya ce, "Wannan ya ƙoshi, mai kuɗi ne." Ya ce shi ɗan dako ne. Suka fasa masa baki da gindin bindiga, suka tafi da shi daji.

Asabar, 3 ga Satumba
Sun kira, suna neman kuɗin fansa. Suna dukansa suna kara min wayar in ji. Na ji wani abu ya karye. Allah ya isa.

Laraba, 14 ga Satumba
An sayar da gonar Baba. Ban iya cin abinci.

Lahadi, 2 ga Oktoba
Ya dawo. Babu haƙoran gaba, babu yatsa biyu a hagu, bayansa duk shatar kebur. Inna ta ga ƙafafunsa manya ta ce, "Alhamdulillahi, bai rame sosai ba."

Litinin, 3 ga Oktoba
Kilo saba'in da huɗu. BMI ashirin da huɗu, wai lafiyayye. Na danna babban yatsa a ƙafarsa, ramin ya ƙi cikewa. Ruwa ne. Damtsen kuwa yatsuna biyu suka zagaye shi. Oga Tomas na asibitinmu ya duba fitsarinsa, baƙi kamar shayi, ya ce ƙoda ce, dukan ya taɓa ta, sai babban asibiti a gari. Hanya ɗaya ce, wadda aka ɗauke shi. Ni da na rantse ba zan ƙara bin ta ba.

Talata, 4 ga Oktoba
Cikin masu acaɓa Yero kaɗai ya yarda ya kai mu a babur. Yaya bai iya riƙe kowa, sai na zauna a tsakiya na goya shi da zanen Inna, na ƙulle a ƙirji. A wajen da aka tare su motar na nan, ta ƙone. Yaya ya ce, "Raudatu, na yi miki nauyi ko?" Na ce ya yi min shiru. Sai da muka shiga gari na lura ban rufe ido ba ko sau ɗaya. An ba shi gado. Bayana bai ko yi ciwo ba, abin da ya sa ni kuka ke nan.