Na kai Babana talabijin an yi masa dariya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sukuni.

Ni malamar kimiyya ce a wata sakandare a Haɗeja, amma asalina wani ƙauye ne a gefen Auyo, Babana masunci ne. A bayan garinmu akwai wani gurbi mai zurfi da ba ya ƙafewa ko rani ya kai rani, tun muna yara ake ce mana akwai dodo a ciki, Mai Kan Tulu, wai idan ka jefa koma a wurin zai kife maka kwale-kwale. Babana ne mai ba da labarin, ya ce ya gan shi da idonsa yana saurayi, kuma duk garin an yarda, ba mai kamun kifi a wurin.

Da na yi karatu sai abin ya riƙa ba ni kunya, ɗalibaina 'yan yankinmu suna kawo min zancen a aji, ni kuma ina ce musu duk abin da yake akwai ana iya gwada shi. Akwai wani shiri a wata tashar talabijin da suke bin irin waɗannan labarai suna gwadawa, ni da hannuna na tura musu saƙo. Baba ya ƙi da farko, ya ce in bar wurin nan yadda na same shi, na dage, na ce idan gaskiya ne ai duniya ce za ta shaida. Daga ƙarshe ya ce to.

Suka zo da kyamarar da ke shiga ruwa, da na'urar auna zurfi, da wani malamin jami'a. Suka ɗaure kan akuya a igiya suka zura, aka yini a bakin ruwa babu abin da ya taɓa shi. Kyamara ba ta ga dodo ba, amma ta ga kifi, tarwaɗa da ƙarfasa da giwan ruwa manya-manya kwance kan juna, irin waɗanda aka daina gani a kasuwa. Da aka sa shirin sai suka yanko inda Baba yake kwatanta girman kan dodon da hannu, suka ɗora kiɗan barkwanci, suka maimaita har sau uku. Ni kuma aka nuno ni ina murmushi ina cewa kimiyya ta yi magana. Wallahi duk lokacin da na tuna murmushin nan sai in ji na tsani kaina.

Bidiyon ya zaga wayoyi. Ba a yi sati biyu ba masunta daga wasu garuruwa suka zo da taru suka share gurbin, mutanen garinmu da suka ga haka su ma suka shiga, har da waɗanda Baba ya koya wa saƙar koma. Su ne kuma idan ya wuce suke buɗe hannu suna kwaikwayonsa. Ya daina zama a majalisa, daga masallaci sai gida.

Na je ba shi haƙuri, na same shi a zaure yana gyaran ƙugiya. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce min. Bai ɗago ba ya ce, "Uwata, ke kina tsammanin ban san babu komai a ciki ba?" Ashe kakana ne ya ƙirƙiri dodon, a wata shekara da kifi ya kusa ƙarewa. A gurbin nan iyayen kifi suke fakewa da rani, idan ruwa ya kawo su fito su hayayyafa su cika fadama. Kakan ya yi ta roƙon mutane su bar wurin ba su ji ba, da ya ce akwai dodo suka bari. Na ce Baba me ya hana ka gaya min, ya ce ya ga ina son in yi nasara a gaban mutane, kuma bai zaci ƙarfe zai iya gani a cikin wannan duhun ba. Sannan ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa, na yi masa alkawari, wai ya fi son a ce masa wawa da a ce ubansa maƙaryaci ne.

Yanzu mutanen tashar sun sake kira, wai shirin ya karɓu suna son kashi na biyu da ni. Na yi musu faɗa kan kiɗan da suka sa, mai gabatarwar ya ce ai nishaɗi ne kawai, kuma ni na gayyace su. Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Idan na je na bayyana komai, wataƙila hukuma ta hana kamu a wurin kafin ɗan abin da ya rage ya ƙare, a kuma san Babana ba mahaukaci ba ne, amma na karya masa alkawari, na tona asirin mamaci, kuma ban san yadda za su sake yanka maganata ba. Idan na yi shiru, haka zai ƙarasa rayuwarsa ana buɗe masa hannu a hanya. Sau ɗaya na ƙi jin maganarsa ga inda ta kai mu. In sake ƙi, ko in yi shiru? Ku gaya min, ni dai na daina yarda da wayona.